Daga Kara Zuwa Kwata: Abin Da Tafiyar Tirela Ke Yi Wa Shanu

Mafi yawan naman shanun da ake ci a Legas, Ibadan, Fatakwal da Anacha ba a can aka yi kiwonsa ba. Daga kasuwannin Arewa yake tasowa da ransa: Potiskum a Yobe, Maigatari a Jigawa, Wudil a Kano, Mubi a Adamawa, Illela a Sakkwato. Wasu shanun ma sai da suka tsallako daga Nijar, Chadi ko Kamaru kafin su shiga hannun dillali. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, daga Maiduguri kuwa ya haura 1,500. Da wuya tirela ta gama wannan tafiya cikin kwana guda, in kuwa hanya ta ɓaci ko shingaye sun yi yawa, sai a shafe kwana biyu zuwa uku shanu na cikin mota.

Duk mai wannan sana'a ya san bijimin da ake saukewa a Kudu ba kamar wanda aka loda a Arewa ba ne. Cikinsa ya shafe, idonsa ya faɗa, jikinsa duk ƙurji da sukan ƙaho, yana tafiya yana tangaɗi. Wani ma ba ya sauka da ƙafarsa, jan sa ake yi. In ka tambaya sai a ce maka wahalar hanya ce, a wuce wurin, kamar abu ne da ba shi da makawa. Alhali wannan wahala tana da sassa sanannu, kowane da sababinsa, kuma yawancinsu hannun mutum ne ke jawo su. Abin da ya sa ba a damu ba shi ne, asarar da ke cikinta ba ta bayyana a lissafin kowa.

Yadda aka zo ga tirela

A da, kora ake yi. Makiyaya su bi burtali da shanu makonni kafin su isa Ilori ko Ibadan, suna tafe suna kiwo suna shayarwa. Babban haɗarin wannan hanya shi ne tsando, ƙudan da ke sa sammore, wanda ya yi yawa a dazuzzukan tsakiya da kudancin ƙasar. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930, sai taragon jirgi ya ɗauke wani kaso mai yawa na wannan fatauci. Lokacin da harkar jirgin ƙasa ta durƙushe a shekarun 1980, tirela ta gaje komai. Ta rage tafiyar makonni zuwa kwanaki, wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Sai dai ta cire abubuwan da kora ke bai wa dabba kyauta: ciyawa, ruwa, wurin kwanciya, da makiyayin da ta saba da muryarsa.

Firgici tun daga wurin lodi

Kafin a fahimci halin saniya a mota, sai an san yadda take ganin duniya. Idanunta a gefen kai suke, tana ganin kusan duk abin da ke kewaye da ita, fiye da digiri 300, in ban da daidai bayanta. Amma ba ta iya auna zurfi da nisa da kyau. Inuwar da ta gitta a ƙasa, ko tazarar da ke tsakanin tudun lodi da bayan mota, tana iya zame mata kamar rami, sai ta tsaya ta sunkuyar da kai ta duba. Kunnenta kuma ya fi namu jin ƙara mai tsini, shi ya sa ihu, fito da ƙarar ƙarfe ke tayar mata da hankali. Ga shi ita dabbar garke ce, ba abin da ke firgita ta kamar a ware ta ita kaɗai.

To a duba yadda ake lodi a yawancin kararmu. An raba sa da garken da ya tashi a cikinsa, ya wuni a rana a ɗaure, hannaye da yawa sun taɓa shi. Yanzu ga igiya a ƙaho, mutum biyu na ja ta gaba, wasu na duka ta baya, ana ihu, a gabansa kuma ga wani wuri mai duhu da santsi da bai taɓa takawa ba. In ya turje sai a ce taurin kai ne, a murɗe wutsiya, a ƙara sanda. Ba taurin kai ba ne, tsoro ne, kuma duka ƙara shi yake yi. Farfesa Temple Grandin ta Jami'ar Jihar Kolorado a Amurka ta shafe shekaru tana nuna cewa ana iya tafiyar da sa ba tare da an taɓa shi ba: in mutum ya tsaya bayan kafaɗarsa sai ya yi gaba, in ya sha gaban kafaɗar sai ya ja da baya. Bafulatanin daji ya san wannan tun yana yaro. A wurin lodi ne ilimin ke ɓacewa, saboda gaggawa.

Nau'in shanun ma yana da tasiri. Bokoloji, wato gudalin Sakkwato, gajeren ƙaho gare shi da sanyin hali. Rahaji kuwa, jan sa mai dogayen ƙahoni, an san shi da saurin tsorata da ƙin baƙon hannu. Bunaji na tsakani. Masu bincike biyu daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Minka da Ayo, sun buga wani nazari a 2007 kan raunukan da shanu ke samu a tafiyar mota lokacin bazara, inda suka danganta yawan raunin da yadda lodin ya gudana da kuma girman ƙaho. Ke nan haɗa mai dogon ƙaho da marar ƙaho a wuri ɗaya, ko bijimai da ba su san juna ba, jawo rauni ne tun mota ba ta tashi ba, domin baƙin bijimai sai sun gwada ƙarfi kafin su zauna lafiya.

Abin da ke gudana a cikin jiki

Da zarar dabba ta firgita, jikinta na sakin sinadarin adirenalin. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya ƙaru, tsoka ta ɗaure, dabba ta yi ta kashi mai ruwa da fitsari. Bayan 'yan mintuna sai wani sinadarin, kotisol, ya biyo baya, aikinsa shi ne fito da ƙarfin da jiki ya ajiye domin a tsira daga haɗari. Wannan tsari ne mai kyau ga dabbar da za ta guje wa kura na ɗan lokaci. Idan abin ya ɗore kuwa, sai ya koma cin jiki: ajiyar ƙarfi ta ƙare, garkuwar jiki ta yi rauni.

Masu auna jinin shanu a tafiya sun lura cewa kotisol ya fi hawa a lokacin lodi da farkon tafiya. In direba na tuƙi a hankali, sai ya soma sauka, shanu su ɗan saba da motsin mota. Wato wahalar hawa biyu ce. Ta farko tsoro, ita ce ta sa'o'in farko. Ta biyu gajiya, ƙishirwa da yunwa, su kuwa ƙaruwa suke yi da kowace sa'a. Shirun da shanu ke yi bayan kwana guda a mota ba natsuwa ba ce, galabaita ce.

Alama mafi sauƙin gani ita ce tuƙa. Lafiyayyar saniya na shafe awa 6 zuwa 8 a kullum tana tuƙa, galibi a kwance, hankali kwance. A cikin mota tuƙa na raguwa ƙwarai ko ta tsaya. Tumbinta kuwa cike yake da ƙananan halittu waɗanda su ne ke narka mata ciyawa, kuma in abinci da ruwa suka yanke kwana biyu, su ma sai su ragu. Shi ya sa za ka ga an zuba wa sa harawa bayan sauka ya ƙi ci sosai, sai bayan kwanaki cikinsa ke komawa daidai.

Tsayuwa, cunkoso da faɗuwa

Shanu ba su son kwanciya a motar da ke tafiya. Sukan tsaya su buɗe ƙafafu, su daidaita jiki ko dai a gicciye ko a miƙe da tsawon mota, su riƙa sauya taku duk lokacin da mota ta karkata. Aiki ne da ba hutu. Duk wanda ya taɓa yin doguwar tafiya a tsaye a bayan a-kori-kura a kan gargada ya san yadda gwiwa ke yi, shi kuwa yana da hannun riƙe ƙarfe kuma ya san inda za shi. Abin da ya fi kayar da shanu shi ne burki na ba-zata, shan kwana da gudu, da faɗawa rami.

Akwai maganar da ta zauna a bakin 'yan lodi, cewa in aka matse shanu sosai sai su tokare juna, ba mai faɗuwa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin in fili ya yi yawa ainun mota na iya wurgi da dabba. Amma gwaje-gwajen da aka yi a ƙasar Ayalan tun shekarun 1980 sun nuna cewa a matsanancin cunkoso faɗuwa da ƙujewa sun fi yawa. Dabbar da aka matse ba ta iya gyara tsayuwa, kuma in ta faɗi sauran na rufe gurbinta nan take. Dokar Tarayyar Turai ta ware wa sa mai kilo 325 fili tsakanin murabba'in mita 0.95 zuwa 1.30, mai kilo 550 kuma 1.30 zuwa 1.60. Ga masu manyan ƙahoni irin namu, buƙatar ta fi haka.

Faɗuwa ita ce mafarin mutuwa. Saniya da ƙafafun baya take fara tashi, kuma sai ta jefa kai gaba kafin ta iya ɗaga jiki. In an ɗaure ƙahonta kurkusa da ƙarfen mota, ko babu fili a gabanta, ba ta da yadda za ta miƙe ko da ƙarfinta. Sauran su tattake ta. Nauyin jikinta ya danne jijiyoyi da tsokar ƙafar da ke ƙasa, bayan wasu sa'o'i ko an ɗaga ta ƙafar ba ta ɗaukarta. In kuma a gefe ta kwanta shame-shame, iskar da ke taruwa a tumbi ba ta samun fita ta gyatsa, ciki ya kumbura ya danne huhu. A nan ne 'yan rakiya ke zaro wuƙa don kada ta yi mushe, a sayar da naman a bakin hanya yadda ta kama.

Ƙishirwa da zafi

Babban sa na iya shan lita 30 zuwa 50 na ruwa a rana lokacin zafi. A yawancin tirelolinmu ba ya samun ko kurɓi har a sauka. Shanun da suka yi awa 24 a mota ba ci ba sha sukan rasa kusan kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsu. Da farko abin da ke cikin tumbi da hanji ne ke fita, wannan ana mayar da shi da wuri. Daga baya sai ruwan da ke cikin tsoka ya soma tafiya, wato naman kansa ke raguwa. A ɗauki sa mai kilo 350: kashi 8 cikin 100 kilo 28 ke nan. A ninka wannan da shanu 30 a mota guda, an wuce kilo 800, fiye da nauyin shanu biyu, sun salwanta ba tare da ko ɗaya ya mutu ba.

Zafi kuma na ninka matsalar. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a Arewa kan wuce digiri 40. Muddin mota na tafiya iska na shiga, amma da ta tsaya a rana sai zafin jikin shanu, tururin numfashinsu da zarnin fitsari su taru a ciki. Saboda haka duk tsayuwar shinge da tsakar rana ta fi irinta ta tafiya illa. Da an gangara Kudu kuma sai a tarar da iska mai laima, inda gumi ba ya bushewa, balle ya sanyaya jiki. Lafiyayyen sa na numfashi sau 10 zuwa 30 a minti. In ka ga ya buɗe baki, harshe a waje, yawu na dalala, to ya kai gargara. A lokacin hunturu abin juyawa yake yi: iskar dare mai sanyi da ƙura na dukan dabbar da ta jiƙe da fitsari, huhu ya kamu.

Abin da ke biyo bayan sauka

Akwai ƙwayoyin cuta da ke zaune lafiya a hancin shanu ba sa cutarwa. In kotisol ya raunana garkuwar jiki, ga ƙura ga ƙishirwa, sai su gangara huhu. Bayan kwanaki, galibi cikin mako biyu, sai zazzaɓi, tari da majina su bayyana. Likitocin dabbobi sun daɗe da sanin wannan ciwo har suna kiransa zazzaɓin tafiya. Masu sayen shanu don turka, da masu sayen na layya tun da sauran makonni, su ne suka fi cin karo da shi. Haka nan cusa shanun garke daban-daban hanci da hanci na kwana biyu hanya ce mai sauƙi ta yaɗa ciwon huhu da boru daga wannan jiha zuwa waccan. Saniya mai tsohon ciki kuwa tana iya ɓari a hanya.

Naman ma ba ya tsira. A cikin tsoka akwai sukarin ajiya da ake kira gilaikojin. Bayan yanka shi ne ke rikiɗa ya ba nama ɗan tsamin da ke sa shi ja, ya yi taushi, ya jure ajiya. A ma'aunin pH, nama mai kyau kan sauka zuwa wajen 5.5. Dabbar da ta ƙone wannan ajiya a hanya, namanta kan tsaya a 6 ko sama, ya fito baƙi-baƙi, a bushe, ya kuma yi saurin lalacewa. A ƙasar da ake baje nama a tebur cikin rana ba firiji, wannan magana ce ta lafiyar masu ci. Ga kuma wuraren da jini ya kwanta saboda duka da tattaka, waɗanda mahauci kan yanke ya zubar, ko ya cusa wa mai saye.

Me ya sa abin ya ƙi gyaruwa?

Ba don fatake mugaye ba ne. Lissafin sana'ar ne ke tura su. Kuɗin tirela na zuwa guda ne, ba na kai ba, don haka duk san da aka ƙara cusawa yana rage kuɗin da ya hau kan kowane. Ga haraji a kara, haraji a iyakar jihohi, ga na masu shinge. A Fabrairun 2021, lokacin da ƙungiyar dillalan shanu da kayan abinci ta dakatar da kai kaya Kudu na wasu kwanaki, karɓar kuɗi a kan hanya na cikin manyan koke-kokenta. Wanda aka tatsa haka ba zai yi tunanin tsayawa sayen ruwa ba, kuma ko ya so, ina wurin da zai sauke shanu 30 lafiya ya sake loda su?

Sai kuma babban dalili: da ido muke ciniki, ba da sikeli ba. Ba a auna sa a Potiskum ba, ba a auna shi a Oko-Oba ta Agege ba, don haka ba wanda ya ga kilo 28 ɗin da suka tafi. Ribar cusa ƙarin shanu biyu a fili take, asarar ramewa kuwa a ɓoye. Kwanciyar jini da baƙin nama sai bayan fiɗa ake gani, lokacin falke ya riga ya karɓi kuɗinsa, mahauci ne zai ɗauka. Ko tabon fata, wanda a wasu ƙasashe majema ke rage wa kuɗi har ya tilasta a daina duka, a nan ba ya rage komai, tunda yawancin kirgi ganda ake yi da shi. Asarar ta rarrabu a kan mutane da yawa, kowa ya ɗauki kaɗan, ba wanda ya ji ta isa ya ɗau mataki.

Dokoki da mafita

Wasu ƙasashe sun daɗe da sa iyaka. Amurka tun 1873 take da dokar da ta ce bayan awa 28 a sauke dabbobi a ba su ruwa, abinci da hutu. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1/2005 ta yarda manyan shanu su yi awa 14, a huta aƙalla awa guda a shayar da su, a ƙara 14, daga nan sai a sauke su na awa 24. Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, wadda Najeriya ke cikinta, ta tsara waɗanda bai kamata a loda ba sam, ciki har da marar lafiya, wanda ba ya iya tsayuwa da kansa, da mai cikin da ya kusa haihuwa. Mu ma ba baƙon abu ba ne gare mu. Musulunci ya yi umurni da kyautata wa dabba har a lokacin yanka, kuma littattafan hisba na da sun hana ɗora wa dabba abin da ya fi ƙarfinta.

Akwai gyaran da ba ya jiran gwamnati. A shayar da shanu a ba su busasshiyar ciyawa kafin lodi. A ware su bisa girma da ƙaho, a sa shamaki tsakani. A zuba yashi ko ɓuntun shinkafa mai kauri don hana santsi. A gyara tudun lodi ya haɗe da bayan mota ba tazara, a toshe gefensa, a rage ihu da sanda. A yi lodi da sanyin safiya ko yamma. A saki igiya yadda sa zai iya tashi in ya faɗi. A ɗaura wani ɓangare na ladan direba da 'yan rakiya a kan isar shanu da ƙafafunsu, ba a kan saurin isa ba. In an sauka, a bar dabba ta huta ta sha ruwa ta ci abinci kafin yanka. Sarakunan kara da sarakunan fawa na da ikon mayar da waɗannan ƙa'idar kasuwa.

Akwai kuma wanda sai hukuma. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya da aka kafa a 2024 za ta iya farawa da abubuwa uku: zangon ruwa da hutu a manyan mahaɗa irin su Mokwa, Jebba da Lokoja, takarda guda da za ta wuce da motar dabbobi ba tare da tsayuwa a kowane shinge ba, da sikeli a manyan kasuwanni. An gwada ɗaukar shanu a jirgin ƙasa daga Gusau zuwa Legas a 2016, abin bai ɗore ba, amma hanyar ta cancanci a sake duba ta. Mafita ta nesa ita ce a yanka a Arewa a kai nama cikin motocin sanyi, tunanin da ya sa aka kafa kamfanin nama na Bauchi tun shekarun 1960. Wannan zai bar fata, ƙashi da ayyukan yi a gida. Sai dai yana buƙatar lantarki tsayayye, kuma masu biki, masu layya da mahautan Kudu da ke cin riba a kayan ciki za su ci gaba da neman sa mai rai. Tirelar shanu ba za ta ɓace nan kusa ba, don haka gyaranta ne abin yi.

Cikin duk waɗannan, sikeli ne ya fi cancantar a fara da shi. Ranar da falke ya auna shanunsa a Maigatari ya sake auna su a Legas, ya ga da idonsa abin da hanya ta ci, shi da kansa zai nemi inda zai shayar, ya rage cunkoso, ya ja wa direba kunne. Makiyayi ya yi shekara huɗu ko biyar yana wahalar tayar da sa guda. Bai dace a bar kwana biyu na sakaci su cinye rabon wannan wahala ba, kuma dabbar da za ta ciyar da mu tana da haƙƙin a kai ta mayanka ba tare da azaba ba.